Dutsen Dattawa a Ƙofar Ɗakina

Na taɓa sace dutsen shari'ar surukaina, na dasa shi da siminti a ƙofar ɗakina. Ban san sata nake yi ba. Har in mutu ba zan manta da wannan ba.

A shekarun saba'in ne. Na dawo daga yaƙi da ƙafa ɗaya mai ɗingishi, na sami aikin gadi a Kafanchan, na auri 'yar wani ƙauye da ake kira Madakiya. Ban yi boko ba, amma ina da ido. A gidan da nake gadi an shimfiɗa duwatsu masu faɗi a tsakar gida, ko an kwana ana ruwa ba a taka taɓo. Nawa gidan kuwa, da damina sai ka ce fadamar shinkafa.

Matata ta tafi gidansu haihuwar fari. Na ce kafin ta dawo zan yi mata irin wancan. Magini ya faɗi kuɗinsa, na ce ya riƙe. Wanda ya haƙa ramin yaƙi ba zai kasa jera dutse ba.

Na ari kurar tura kaya, na kira abokai biyu, tsofaffin soja. Ranar Lahadi muka hau tudun bayan ƙauyen su matata, kowa yana majami'a. Duwatsu ga su nan, jajaye, masu yashi-yashi. A ƙarƙashin wata ɗorawa muka ga babbansu, faɗinsa kamar ƙyaure, an share kewayensa tas. Da ina da hankali da na tambayi kaina wa yake share daji. Ban tambaya ba. Na ce, "Wannan na bakin ƙofa ne."

Kwana tara ina aiki. Na baje yashi, na daka, na jera ƙanana, na sa babban a tsakiya. Siminti kuwa ban yi masa rowa ba, buhu uku ya ci.

Ranar da aka dawo da ita, kawunta ne ya rako ta, shi ne babban dattijon ƙauyen. Suka same ni zaune, na zuba ruwa a dutsen ina goge kaushi. Ba a yi dutsen da ya fi shi cin kaushi ba.

Tsohon bai amsa gaisuwata ba. Ƙafata yake kallo.

"Soja, ina ka samo wannan?"

"A daji, Baba."

"Ɗaga ƙafan ka."

Na ɗaga. Ya cire hula. Matata ta dafe kai da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da jariri. Ta ce, "Maigida, ka kashe ni."

Ashe a kan dutsen nan ake raba rigimar gona tun kakanni. Wanda zai rantse, a kansa yake tsayawa. Sati biyu suna nemansa, har sun zargi ƙauyen maƙwabta, an fara wasa adduna.

Tsohon ya ce, "Magana ɗaya ne. Dutse ya koma gida, ko yarinya ya koma gida."

Na ɗauko guduma da kurfi. Na san dai ba zan bari a tafi da matata ba. Bugu uku, siminti ko gezau. A na huɗu, gefen dutsen ya ɓalle kamar faɗin tafin hannu. Tsohon ya yi ihun da ban ji irinsa ba ko a bakin daga.

"Bari! Bari! Za ka kashe shi!"

Washegari dattawa bakwai suka zo, har da Fasto. Suka zagaya, suka ƙwanƙwasa, suka yaba ƙarfin aikin ba da son ransu ba. Ɗaya ya ce a rushe ɗakin. Fasto ya ce dutse dai dutse ne, amma shi ma da ya zo wucewa kewaye shi ya yi. Da rana ta yi zafi kawun ya yanke hukunci. Dutse ba zai fita lafiya ba, saboda haka shari'a za ta biyo dutse. Matata ta zauna. Ni kuma tarata akuya ɗaya, da kunu duk ranar zama.

Daga nan gidana ya zama kotu. In fito da safe in tarar da mutum biyu suna zagin juna a kan iyakar gona a ƙofar ɗakina. An hana ni goge kaushi. An hana matata shanya barkono a kai. Tsakar gidan dai ba ta sake yin taɓo ba, wannan kam na ci.

Abin da na koya kaɗan ne. In ka ga abu a daji an share gindinsa, yana da mai shi, ka tambaya.

Dattawan nan duk sun rasu. Matata tana nan, har yau in muka yi faɗa sai ta ce in je in tsaya a kan dutse. Ina gidan, na tsufa. Yanzu ni ake kawo wa rigimar gona, don ni ne na fi kowa daɗewa kusa da shi. In ba kowa, ina goge kaushina.