Zuciyar Roba Da Salisu Ya Bari

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Salisu, kuma ba zan ɓoye ba, aikin da ya ja ni ciki ya ba ni wahala. Ni gyaran injin ban ruwa na sani a Dutsin-Ma, aji huɗu na tsaya. Shi ne ya yi boko, yana kula da kayan gwaji a wata makaranta.

Da likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, sai ya ce zai haɗa jikin mutum a kan tebur. Tiyo ne jijiyoyi, jarka ce huhu, robar cikin ƙwallo ce zuciya, injin abin goge gilashin mota yana matsa ta. Ruwan ma sai ya haɗa shi da gilisarin don ya yi kaurin jini. Ya ce akwai ɗan famfo da ake sa wa mai raunin zuciya, kuma ba a fara gwada shi a jikin ɗan Adam, sai a irin wannan tebur. Burinsa ya ƙera ɗan famfon namu na gida. Ni nake haɗa masa tiyon.

Wata rana ya tafi asibiti, na ga abin yana tura ruwa da ƙyar. Makaniki ba ya iya kallon famfo yana numfarfashi. Na sauya injin, na ƙara masa ƙarfi. Da ya dawo ya dubi agogon awo, ya zauna.

"Yaya, ka warkar min da mara lafiyata. To wa zan taimaka wa yanzu?"

Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ashe wata uku ya yi yana saita zuciyar robar ta yi raunin nan da gangan, daidai da awon zuciyarsa shi kansa. Bai yi faɗa ba, ya soma daga farko. Bai ƙarasa ba muka kai shi makwancinsa a Kurfi. Na san kwana ne ya ƙare, amma wata ukun nan ni na ci su. Na rufe ɗakin da teburin yake da kwaɗo, ban ƙara leƙa shi ba.

Yau ga hasken sola a shagona, ba jiran wuta kamar lokacinsa. Da yana nan, da dariya zai yi, ya ce sai yanzu? Masu irin ciwonsa kuwa har yau kwalin magani ne a aljihu da haƙuri.

Kwanan baya 'yarsa Rabi, wadda ke karatun injiniya, ta zo da littafin awonsa.

"Baffa, lambobin duk suna nan. Hannu ne babu, kuma naka ne ya san tiyon nan."

Na ce mata na tsufa. Ta ce za ta jira. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan ma na ubanta ne. Allah ya jiƙan Salisu, bai bar gida ko gona ba, wannan aikin ya bari.

Washegari na nemi makullin ban gan shi ba. Na ɗauko guduma na fasa kwaɗon, na aika a kira ta.