Notin da Gari Ya Taru Ya Ɗaure

Motar farko da ta kwana a Burumburum a matsayin tamu, Alhaji Habu ne ya sayo ta daga masu haƙar kuza na Riruwai, a farkon shekarun hamsin. Tsohuwa ce mai bodin katako, amma a idonmu ko jirgi albarka. Ranar da za ta fara zuwa Kano ba wanda ya leƙa gona. Matafiya suka yi wanka suka sa kayan Sallah, aka yi ta yafe juna kamar masu tafiya Makka a ƙasa. Iya Kande, wadda za ta je ganin jikanta, ta raba kajinta ga maƙwabta tana kuka, ta ce in ba ta dawo ba a ci, ta yafe. Liman ya yi addu'a, Shitu direba ya danna ham, mota ta tashi.

Tana kaiwa tsamiyar bayan gari ta tsaya. Tsamiyar nan ce fa da in kana gindinta kana jin dakan matan cikin gari. Aka sauke mutane, aka sauke kaya, aka turo mota da hannu har ƙofar gidan Alhaji. Kafin azahar Iya Kande na bi gida-gida tana karɓar kajinta, ban da ɗaya da ta riga ta shiga tukunya. Wasu biyu da suka yafe wa juna rikicin iyakar gona da safe, da la'asar suka ɗora daga inda suka tsaya. Da aka tambaya wa ya gyara injin kafin tafiya, aka ce Ɗanasabe ne. Tun daga ranar tsamiya ta maƙale wa sunansa.

Ɗanasabe ɗan manoma ne, gajere, mai sanyin murya, irin mutumin da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Cin rani ne ya kai shi Riruwai yana saurayi. Ya fara da ɗaukar kwanon ƙasa a ramin kuza, daga baya aka mai da shi rumfar gyaran motoci, ƙarƙashin wani tsohon bakanike mutumin kudu, wanda Hausarsa ba ta wuce ta cefane da ta zagi ba. A rumfar akwai wata sifana mai allura a jiki kamar ta ma'auni. Kana ɗaure noti allurar na tafiya, in ta kai inda aka ce sai ka saki. Tsohon yakan sa shi ya ɗaure da ita, ya kwance, ya sake ɗaurewa da sifanar kowa da kowa ido a rufe, har hannunsa ya haddace nauyin.

Wanda aka fi yi masa faɗa a kai shi ne ɗan ƙaramin notin tagulla da ke riƙe bututun fetur a inda yake shiga inji. Tagulla taushi gare ta. In ka bar notin sako-sako, fetur ya riƙa ɗiga. In ka matse shi fiye da kima ya tsage, fetur ya riƙa ɗigar dai, kuma ƙarƙashinsa bututun hayaƙi ne, wanda in inji ya ɗauki zafi yake komawa kamar garwashi. Ɗanasabe ya taɓa ganin motar da ta ƙone ƙurmus a hanyar dutse saboda wannan ɗan abu, bai kuwa ƙara marmarin ganin wata ba.

Ya dawo gida da akwatin sifanu, aka ba shi auren Furera, 'yar Sarkin Maƙera Alkasim. Sarkin Maƙera mutum ne da damtsensa ya kai cinyar wani, kuma a ganinsa duk abin da ya lalace a duniya, ko dai ba a buge shi sosai ba, ko ba a matse shi sosai ba. Yana son surukin nan nasa ƙwarai, don ya ce maƙeri da bakanike 'yan ɗaki ɗaya ne. Shi kuwa Ɗanasabe, kamar kowane ɗan mutunci, bai taɓa kallon idonsa ba, bai taɓa kama sunansa ba. In ya hango shi tafe sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

To, mu a nan ba a wuce mutum yana aiki a bar shi da sannu kawai. In yana noma ka karɓi fartanya ka ɗan taya shi, in yana jinka ka miƙa masa ciyawa. Hana mutum ya sa maka hannu cin fuska ne, balle a ce babba ne. Abin da ya sami Ɗanasabe ke nan a safiyar tafiyar nan ta farko. Ya gama haɗa bututun fetur, ya ɗaure notin daidai yadda hannunsa ya sani, yana shirin rufe inji, sai ga dattawa.

"Sannu da aiki, ɗan nan," in ji mai unguwa. "Kawo in sa albarka."

Ya karɓi sifana ya ɗan murɗa. Ladan ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Sarkin Fawa ya yi bisimilla ya ƙara nasa. Ɗanasabe na tsugune, gumi na bin bayansa, yana ta cewa, "Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri," alhali kowane murɗi ji yake kamar a haƙorinsa ake yi. Can sai mutane suka buɗa hanya, ga Sarkin Maƙera.

"Kai, ku ba ni nan. Wannan ɗauri kuke yi ko shafa?"

Ya tofa yawu a tafi, ya kama, ya ja. Wata 'yar ƙara ta fito, ƙas, wadda ba wanda ya ji sai Ɗanasabe da Shitu direba.

"Yanzu ta ɗauru," in ji Sarkin Maƙera. "Ko Ikko ne ta je ta dawo."

Ɗanasabe ya rasa inda zai sa kansa. Ya buɗe baki a gaban gari duka ya ce surukinsa ya ɓata aiki, harshensa ba zai ɗauka ba. Ya bar mota cike da mutane ta kama hanya fetur na ɗiga kan wuta, wannan ma ba zai iya ba. Sai ya naɗa tsumma a wurin, ya rufe inji, ya haye kusa da direba. Ya san inji ba zai yi zafi ba kafin a fita gari. Suna shan kwanar da ta ɓoye su daga idon masu rakiya, ya kama hannun Shitu ya ce, "Kashe ta."

Shitu Bazazzagi ne, abokin wasanmu Kanawa, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Ya kashe mota ya dube shi.

"Bakano, in gaya musu wanda ya yi aikin nan?"

"In ka faɗa ban yafe ba."

Haka ya sha dariyar gari shi kaɗai. Alhaji Habu kuwa ba dariya ya yi ba. Ya kira shi ya ce ya ba shi dama ɗaya, in motar ta sake tsayawa zai ɗauko bakanike daga Kano, shi kuma ya koma gonar ubansa.

Ɗanasabe ya ari keke ya tafi Riruwai. Tsohon maigidansa ya zage shi iya Hausarsa, sannan ya ciro masa noti daga jikin wata matacciyar mota, ya ce shi ke nan ya rage, in ya fasa wannan kada ya dawo.

Da asubahin ranar tafiya ta biyu, Furera ta kawo masa koko ta tsaya ba ta tafi ba.

"Malam, Baba fa ya daɗe a maƙera yana haɗa maka wani abu. Ya ce ya gano matsalar, wai sifanarka ce ta yi gajarta, shi ya sa notin bai matsu ba. Ya ce wannan karon ba zai bari ka ji kunya ba." Ta juya za ta fita, ta waigo. "Kuma Inna ma za ta bi motar."

Kokon nan bai shiga ba.

Hantsi na yi, ga Sarkin Maƙera tafe da wani dogon ƙarfe mai rami a kafaɗa, tsawon taɓarya, wanda za a zura wa sifana a ƙara mata ƙarfi. Fuskarsa cike da fara'ar mutumin da ya zo ceton ɗansa. Dattawa na biye da shi, matafiya sun riga sun hau, surukar Ɗanasabe na zaune kan buhu a bayan direba. Notin nan guda ɗaya tak yana bakin bututu, ko ɗaure shi ba a yi ba.

Ɗanasabe ya tuɓe takalmi ya durƙusa, amma a gaban injin ya durƙusa, ya tare hanya. Idonsa a ƙasa, ya yi magana da Shitu, ko da yake tsohon na tsaye a kansa.

"Shitu, don Allah ka roƙar mini Baba. Akwai aikin da ya fi ƙarfina, na rasa wanda zan kai wa kuka."

"Gaya masa ina ji," in ji Sarkin Maƙera, shi ma yana kallon Shitu.

"Notocin taya ne. Su ke ɗauke da mutane a kan dutse da rami, ni kuwa hannuna bai kai ba. Wannan na fetur jariri ne, da yatsu ake lallaɓa shi. Ba zan so Baba ya ɓata ƙarfinsa a kan jariri ba, ga manya na jira."

Bai taɓa jera wa surukinsa magana mai tsawon wannan ba. Shitu ne ya cafe maganar.

"Ka ji, Sarki. Bakanon naka ya ce tuwon 'yarka bai sa masa ƙarfi ba."

Aka fashe da dariya. Sarkin Maƙera ya dubi ɗan notin, ya dubi tayoyin da suka kusa kai masa ƙugu.

"Duka tayoyin?"

"Duka, Baba."

Ya naɗe hannun riga ya nufi ta gaba. Dattawa suka bi shi a layi, kowa na jiran ya sa albarka. Suna can suna nishi da kabbara, Ɗanasabe ya murza notinsa da yatsu har ya zauna, ya kama sifana kusa da kanta, ya ja kaɗan, ya tsaya inda hannunsa ya ce ya tsaya. Aka tayar da inji. Ya goge wurin da tsumma, ya sa busasshen yatsa a ƙarƙashi, ya jira, ya shinshina. Babu ko ɗigo. Motar ta wuce tsamiya, ta je Kano, ta dawo da kowa, har da Iya Kande da labarin jikanta da ba ya ƙarewa.

Bayan 'yan kwanaki Sarkin Maƙera ya aiko a ba shi tsohon notin ya gani. Maƙeri dai ya san bambancin ƙarfen da ya tsufa da wanda aka fi ƙarfinsa. Bai kira kowa ba. Sai wata rana Furera ta dawo daga gidansu da wani abu ƙulle a gefen zane. Sifana ce sabuwa, daidai bakin notin fetur, amma tsawonta bai wuce yatsa ba.

"Baba ya ce a ba ka. Ya ce wannan ko shi ya kama ba zai yi wa kowa ɓarna ba."

Da ita Ɗanasabe ya yi aiki shekara da shekaru. Ya zama al'ada, duk ranar tafiya dattawa su nufi taya, wajen fetur kuwa ba mai kai hannu. Motocin Tudun Wada da na Doguwa suka fara biyowa ta wurinsa, har daga Kiru akan zo. Motar Alhaji ta kai gyaɗarmu kasuwa, ta kai marasa lafiya asibiti, ta kai maniyyatanmu bakin jirgi, kuma a duk motocin da ya taɓa ba mu ji wadda ta kama wuta ba. A lokacin ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba, sai da muka riƙa ganin ƙwarangwal ɗin motocin wasu garuruwa a gefen hanya.

Mutum ɗaya ne bai ji daɗin sabon tsarin ba, shi ne Shitu. Ranar da taya ta yi masa faci a dajin Ɗansoshiya, sai da fasinjoji suka hau kan sifana suna tsalle kafin noti ɗaya ya motsa. Ya dawo gari a fusace, ya tsaya a kasuwa ya amayar da labarin tsamiya tun daga farko, har da wanda ya murɗa da wanda ya tofa yawu. A nan muka san abin da ya faru. Dattawan da abin ya shafa kowa ya ce shi ɗan taɓawa kawai ya yi.

Sanin gaskiyar bai sa an daina tsokanarsa ba, sai dai yanzu akan haɗa da goro. Rannan yana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani, masu jiran tafiya na zaune a inuwa, sai wani ya ɗaga murya.

"Ɗanasabe, yau har Kano za a kai mu, ko mu ce a ajiye mana tuwon rana?"

Bai fito ba, bai kuma daina abin da yake yi ba. Daga ƙarƙashin motar muka ji muryar nan tasa mai sanyi.

"Ku yi ta yi. Ai don in sami masu yi mini tsiya na sauke ku da ranku."