Kujerar Gefen Direba: Jinjina ga Malam Kaumi na Hausari

Da hantsi, idan ka biyo ta bayan unguwar Hausari a Potiskum, za ka tarar da Malam Kaumi a ƙarƙashin rumfar kwanonsa, ya shimfiɗa buhu, ya jera haƙoran giyar mota yana wanke su ɗaya bayan ɗaya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan zama. Ba ya gyaran inji, ba ya taɓa wayar lantarki. Giyar hannu da kuloci kawai ya sani, amma fa ya san su.

Yana da doka guda da ke ɓata wa masu gaggawa rai. Ba ya kwance ko noti ɗaya sai ya shiga gaba, ya zauna kusa da mai mota, ya ce a ja.

Ni ma ta nan na san shi, lokacin ina koyarwa a Gadaka. Sau uku ina ƙona kuloci cikin shekara guda, kowane bakanike ya canza mini, ya kuma zagi masu sayar da kayan gyara. Da na kai wa Malam Kaumi motar, sai ya ce mu kama hanya. Muna ta tafiya idonsa na kan ƙafata ta hagu, wadda na saba ɗorawa a kan kuloci kamar matashin kai. Da muka dawo ya ce, “Malam, motarka lafiyarta ƙalau. Ƙafarka za mu gyara.” Na ji kunya ƙwarai, domin na riga na gama yi masa lacca a kan lalacewar kayan zamani. Shekara tara ke nan ban sake canza kuloci ba.

Bubayaro, direban tirelar shanu, ya ba ni nasa labarin. Wata ranar kasuwa an gama lodi, rana ta take, giya ta ƙi shiga, shanu kuma sun fara galabaita a tsaye. Kowa ya ce sai an sauke akwatin giya, aikin kwana biyu. Malam Kaumi ya hau, ya sa Bubayaro ya gwada a gabansa, sannan ya sauka ya kara wata sandar katako tsakanin akwatin giyar da kunnensa. Ashe wani ɗan ƙarfe ne ya saki. Kafin azahar tirela ta bar gari.

Kai ne, Malam Kaumi, mai jin ciwon ƙarfe da kunne. Kai ne ka koya mana cewa rabin cutar mota a jikin mai ita take.

To amma zamani ba ya tambayar bakanike. Motoci masu canza giya da kansu suka cika titi, yanzu kuma ga masu caji sun fara leƙowa, waɗanda ba su da kuloci, ba su da sandar giya, ko ƙara ba sa yi. Ban ce giyar hannu za ta mutu gobe ba. Muddin tireloli na lodi a Potiskum, kuma muddin ana tura mota ta tashi, tana da sauran kwana. Sai dai masu koyonta suna raguwa, kunnen Malam Kaumi ma ya fara nauyi.

Ana cikin haka ɗansa Abdulrahim, wanda ya yi shekara goma sha biyar a rumfar nan har ya tara iyali, ya tafi Maiduguri ya koyo gyaran keken haya mai ƙafa uku mai caji. Da ya dawo ya roƙi uban ya ba shi wuri a rumfa. Wata biyu tsoho bai ba shi amsa ba, gaisuwa ma da ƙyar. Abdulrahim ya fara shirin kwashe iyalinsa ya koma can. Ba zan ɓoye ba, ina cikin masu zuga uban, domin ni ma haushin abin nake ji.

Ran nan wani direba mai suna Umara ya kawo wa Abdulrahim keken da batirinsa ke ƙarewa da wuri. Abdulrahim ya jona na'urarsa a bakin titi, ba ta nuna komai ba. Malam Kaumi ya daɗe yana kallo daga kan buhunsa, sannan ya goge hannu, ya raɓa gefen direba, ya ce a ja. Ko minti goma ba su yi ba suka dawo. Ashe Umara ya yi shekaru yana tuƙa keke mai fetur, hannunsa na hagu ya saba matsa kuloci, a sabon keken kuma birki ne a wurin. Yini yake yi yana tafiya da birki a ɗan matse bai sani ba.

A gabana tsohon ya naɗe buhunsa, ya matsa can kusurwa. “Shigo da kayanka,” in ji shi. “Giyar hannu za ta tafi, na yarda. Amma direba yana nan. Kada ka kwance komai sai ka zauna kusa da shi.” Na ga idon Abdulrahim ya cika, nawa ma haka.

Mun gode, Malam Kaumi. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Mu kuma masu sana'a, malamai da likitoci da sauranmu, kafin mu buɗe akwatin kayan aiki mu fara zama kusa da wanda ya kawo mana damuwarsa. Jiya na wuce ta rumfar, na tarar da Abdulrahim ba ya nan. Na tambayi uban ina ya tafi, ya nuna mini titi da haɓa, ya ce yana gefen direba.