Batirin Kwamfutar Kawu

A unguwarmu ta Kpangalam ni ake kira in kwamfuta ta ƙi tashi, kuma lokacin da wannan abu ya faru kaina ya riga ya kumbura da hakan. Ɗan shago gare ni a bakin titi a Sokodé, tebur biyu da fanka ɗaya. In mutum ya kawo injinsa, kafin ya gama bayani na katse shi, wai ni na riga na san ciwon. Wannan hali nawa ne ya raba wani bawan Allah da aikinsa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, a garin Dapaong yake, can arewa da mu, yana da shagon ɗinki a bayan kasuwa. Abin alfaharinsa shi ne injin surfani da ke aiki da kwamfuta, wanda ke fitar da aikin wuyan riga tsaf cikin ɗan lokaci. Kwamfutar kuwa tsohuwa ce tukuf, sistem ɗin da ke cikinta ma an daina yayinsa tun ina lakwal, wato makarantar boko. Amma ba dama a cire shi, don manhajar injin ba ta yarda da kowane sistem sai shi, kuma duk zanen da shagon ya tara shekara da shekaru a ciki suke.

Mai kula da injin wani Bamobe ne, ɗan ƙabilar yankin, ya girme ni nesa ba kusa ba, kowa Metir yake ce masa, yadda ake kiran gwanin tela a can. Tun ana taka keke da ƙafa yake tare da Kawu, wanda yake kira patron, wato maigida. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, kuma muna yara mun sha kwaikwayonsa a bayan ido. Fiye da rabin zanen nan hannunsa ne ya fitar da su.

Da aka yi wa Kawu jika, ya kira ni ya ce in zan zo suna in taho da kayan aikina. Masu kawo ɗinki yanzu hoto suke turowa, su ce irin wannan suke so, tsohon sistem kuwa ko shafin intanet ba ya iya buɗewa. Na ce, "Kawu, wannan ai ba komai ba ne. Sabo zan zaunar kusa da tsohon, in ka kunna ta tambaye ka wanda kake so." Na jefa disk ɗaya, wato ma’ajiyar kwamfuta, a jaka, na hau mota.

Washegarin suna da hantsi na buɗe cikin kwamfutar, ’yan’uwa na tsaye a kaina ana kallo, ni kuwa sai wani ƙara nannaɗe hannun riga nake. Na ɗaura sabon disk, na zuba masa sabon sistem. Ƙofar shiga duka biyun ta koma kan sabon disk ɗin, don haka na shiga saitin can ciki, wanda ake buɗewa kafin komai ya tashi, na umarci kwamfutar ta riƙa fara duba shi. Na kashe na kunna, sai ga layi biyu a allo, tsoho da sabo. Na zaɓi tsohon, injin surfani ya amsa. Na zaɓi sabon, hotuna suka buɗe. Kawu ya yi ta sa mini albarka.

A nan ne Metir ya matso, ya nuna kusurwar allon da yatsa.

"Ƙaramin patron, agogo ɗin nan, kullum da safe ni nake gyara shi. In mun zo, ya koma baya, har shekara ma ya canza."

Wallahi na ji shi sarai. Amma mutane na kallo, ga shi wanda muke wa dariya tun muna yara yana neman nuna mini abu a cikin sana’ata. Na ce, "Metir, kai dai ka ji da zare da allura, ka bar mana agogo." Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya koma kan kujerarsa. Na kashe na kunna har sau uku don a ƙara gani, na bi motar la’asar na dawo Sokodé.

Da safe ina buɗe shago waya ta yi ƙara. Kawu ne, ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba.

"Kai, abin nan ya ƙi tashi. Baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu a sama. Ba tsohon, ba sabon. Ga shaddar mutane jibge, Sallah saura mako uku!"

Maimakon in ce ya karanto mini rubutun, bakina ya riga hankalina.

"Kawu, ai da idonka ka gani, lafiya lau na bar ta. Sai dai in wani ya taɓa."

Ya ce, "To," ya kashe wayar. Mutum biyu ne kaɗai ke taɓa kwamfutar nan a duniya, shi da Metir, kuma na san haka lokacin da nake faɗa.

Ban kai ga ajiye wayar ba maganar agogo ta faɗo mini. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe lokaci da saitin can ciki idan aka ɗauke wuta. In ya mutu, agogo ya riƙa komawa baya ke nan. Kawu kuma, tun da gobara ta taɓa cin shagon maƙwabcinsa, ba ya rufe ƙofa sai ya sauke wutar shagon gaba ɗaya daga kan mita. Kowa a dangi ya san wannan, har tsokanarsa ake da shi. Ni duk gwajin da na yi da wuta a jone na yi shi. Da ya sauke ta da yamma, kwamfutar ta manta umarnina, ta koma neman ƙofa a tsohon disk, inda ni da hannuna na riga na ɗauke ta. Ɗan koyo na wata uku ma ya san wannan, kuma Metir ya faɗa mini da bakinsa.

Abin da ya kamata shi ne in sake kiran Kawu a take. Ban kira ba. Mahaifiyata tana ta ba maƙwabta labarin yadda ɗanta ya je Dapaong ya burge kowa, ni kuma na ce wa kaina ai ranar Asabar zan je in gyara shiru, ba wanda zai ji. Asabar ta zo, aka kawo mini injuna daga wani ofis, na ce sai ta sama. Ƙarya nake wa kaina, kunyar haɗa ido da Kawu ce kawai.

Daga bakin mahaifiyata na ji sauran. Tana tsince shinkafa ta ce, "Ka ji kawunka ya sallami Bamoben nan? Ashe shi ya lalata injin, wai don ya kwashe zane ya buɗe nasa shagon. A bakin titi ya wanke shi tas, gaban mutane. Mutum sai tsoro, shekara nawa ana tare!"

Na ce, "Allah ya kyauta." Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan, ga tuwo a gabana na kasa ci. Duk da haka sai da na ƙara kwana huɗu kafin na je tasha.

Hanyar Dapaong ba ta taɓa yi mini tsawo irin na ranar ba. Mun wuce Kara, mun tsaya a Mango mata na miƙo soyayyen kifi ta taga, ni dai hannuna na cikin aljihu yana juya ɗan batirin da na saya. Da na isa na tarar Kawu ya rame, ya ɗauko masu aikin hannu biyu suna ta fama da wuyan riguna. Na buɗe kwamfutar, na ɓalle tsohon batir na sa sabo, na mayar da saitin. Kafin shayin da aka ɗora mini ya tafasa layi biyun nan sun dawo, injin ya soma ƙara.

Kawu ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Allah ya yi maka albarka, ka gyara ɓarnar da wancan ya yi."

Na ɗora mataccen batirin a tafin hannunsa. Na ce, "Kawu, ba wanda ya taɓa ta. Wannan ne ya mutu, ni ne ban duba ba. Metir ya gaya mini a gabanka, na mai da shi abin dariya."

Ya daɗe yana kallon abin. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. A wajenmu babba ba ya takawa da ƙafarsa ya ba na ƙasa da shi haƙuri, aike yake yi. Ya sa aka ƙullo goro, ya yanko shadda mai kyau, ya ce, "Kai ka ɓata, kai za ka kai. Ka ce ya dawo gobe."

Ɗan zemijan, mai babur ɗin haya, ya kai ni gidan Metir a bayan gari. Na same shi a gindin bishiya da tsohon keken ƙafa, yana facin wandon makaranta. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, matarsa ta kawo ruwa. Na durƙusa na zayyana masa komai, batir da wuta da saiti, ina ta dogon bayani kamar yawan bayanin zai rage laifin. Bai katse ni ba ko sau ɗaya.

Da na gama ya ce, "Zane ɗin duka yana nan? Ba wanda ya ɓace?"

Na ce duk suna nan. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce ya gode Allah. Sannan ya dube ni.

"Ƙaramin patron, yaushe ka gane batir ne?"

Da na ce jiya, da ya yarda, don ba shi da hanyar sani. Na sunkuyar da kai na ce, "Tun safiyar da ta ƙi tashi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗauki goron, don goro ba a mayar da shi, ya tura mini shaddar gabana.

"Ka gaya wa patron na gode, ba ni da fushi da shi. Shi bai sani ba. Kai ka sani, ka bari."

Ya jawo wandon ya ci gaba da taka kekensa. Na ɗauki shaddar na fito neman abin hawa. Metir bai sake taka shagon Kawu ba.