Fasassun Farantan Miss Odessa

Laouali mutumin Maradi ne, kuma tun 2001 yake yankan ciyawa a gidajen Pleasant Garden, wani gari a ƙasar waje. Aikinsa tsaf, amma taurin kai kam sai dai a bar shi. A duk masu ba shi aiki babu wadda ya tsana irin Miss Odessa, wata baƙar fata, tsohuwar malamar makaranta, mai rubuta wa yara labaran fatalwar bayi.

'Yarsa Ibtissam ta taɓa aro littafin matar daga lakwal, wato makarantarsu. Ta karanta labarin wata baiwa da ke yawo a gonar taba tana neman makwancinta, ta yi mako guda ba ta yarda ta shiga ɗaki ita kaɗai. Tun ranar Laouali ya ƙullaci tsohuwar.

"Wanda ya mutu ya mutu," ya ce mata. "Ki daina cusa wa 'ya'yan mutane ƙarya."

"Ka yanke ciyawa," in ji ta. "Ban ɗauke ka wa'azi ba."

Wata Asabar ta tafi coci, shi kuwa ya kutsa da injinsa har bayan gida, cikin itatuwan da ta sha hana shi shiga. Nan ya tarar da fasassun faranti da kofuna jingim a ƙasa. Ƙazantar tsohuwa, in ji shi a ransa. Ya kwashe su kaf, ya aske wurin fes, ya kai juji.

Da ta dawo ko ihu ba ta yi ba. Ta jawo shi har tsakiyar filin.

"Kakar kakata na nan, da mutum shida. Bayi ne, ba a kafa musu dutse ba, farantan da suka ci abinci a ciki aka ɗora musu. Nuna mini wanne ne nata."

Laouali ya duba gabas, ya duba yamma. Ciyawa ce shimfiɗe, ko'ina iri ɗaya, aikin hannunsa. Kunya ta rufe shi, don shi da kansa ya kafa ɓarin tukunya a kan kabarin mahaifinsa a Maradi, kada wurin ya ɓace masa.

Ya ruga juji, ya tarar an riga an kwashe.

Ya koma da ban haƙuri. Ba ta buɗe masa ƙofa ba, ta taga ta yi magana.

"Kai ka ce labarina ƙarya ne. Da can na san inda take kwance. Yanzu ni zan riƙa yawo ina nemanta."