Buzuzun Malam Idris

A unguwar Jarwal ta Makka, in carbinka ya tsinke, wurin Malam Idris za a nuna maka. Shekara arba'in ke nan yana zaune a wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma ba, yana zura ƙwayoyi a zare. A unguwar Tandabawi, nan Makka, aka haife shi. Iyayensa da ƙafa suka taso daga Haɗeja, suka ratsa Cadi da Sudan, kuma duk abin da ya gada daga wannan doguwar tafiya bai wuce ɗan dutse ɗaya ba, shuɗi, kamar rabin dabino. Mahaifiyarsa Asiya ta ce wata mata ce ta ba ta a bakin kogin Nilu. Da ta rasu sai ya sa shi a kan carbinsa, inda bakin zaren biyu ke haɗuwa. Duk sanda ya kai ƙarshen tasbihi yatsansa ya taɓa dutsen, sai ya yi mata addu'a.

Amma ba carbi kaɗai ya sa aka san shi ba. Mutum ne da bai haɗa hanya da laya ba ko kaɗan. Alhaji zai shigo gyaran carbi, ya fita da wa'azi kyauta da damtse wayam, don almakashin Malam ya riga ya raba shi da kambunsa. Shi kansa yakan ce da a ce bakinsa ne ke shirya carbi, da ya gama na Makka duka kafin azahar.

Rannan wani tsoho Bamisire, malamin tarihi, ya kawo gyara. Idonsa ya faɗa kan dutsen.

"Ya shaihu, ka san mene ne wannan?"

"Dutsen mahaifiyata ne."

Bamisiren ya juya shi, ya nuna masa kai, da layin fiffike, da ƙananan ƙafafu a gefe. Ya ce laya ce ta mutanen Fir'auna, ko dai kwaikwayonta, a siffar buzuzu. Wai da suka ga yana mirgina ƙwallonsa sai suka danganta shi da fitowar rana, har a ƙirjin mamaci sukan ɗora shi.

Malam Idris ya ƙura wa dutsen ido. Cikin dukan halittun Allah, ba zaki ba, ba shaho ba, sai mai turin kashin shanu! Shekara talatin yana kai shi Harami, yana tsayuwar Arfa da shi, yana yanke na mutane nasa na lilo a hannu. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ya yi wa kansa dariya har da ƙwalla, amma da ya tuna hukuncin da shi da kansa yake yankewa, sai dariyar ta ɗauke. Ba shi da hoton mahaifiyarsa, ba shi da ko ɗankwalinta.

Bayan la'asar ya koma gida. Yanke zaren bai ba shi wuya ba, sana'arsa ce. Sau biyu ya je bakin kwandon shara yana dawowa. Daga ƙarshe ya ajiye dutsen a gaban matarsa Rabi'atu, ya faɗa mata komai.

"Ummu Hamad, ki jefar mini, halas, shi ke nan. Ni hannuna ya ƙi."

"Ka taɓa roƙon sa wani abu?"

"A'uzu billahi. Ita kawai nake tunawa."

"Haka ne," in ji ta. "Ni ma layar da Inna ta ɗinka mini a Abeshe, wadda ka yanke a wuyana makon aurenmu, ban taɓa roƙon ta komai ba. Ƙanshin hannunta ne a jikin fatar."

Ya tuna ranar sarai. Sau da yawa ya ba abokai labarin, a matsayin nasara. Bai taɓa tambayar ta ko ta yi kuka ba.

Rabi'atu ta naɗe dutsen a ƙyalle, ta kama hannunsa ta sa masa a tafi.

"Sa abinka a akwati, Malam. Ba sai mu biyu mun rasa ba."

Ya karɓa, kunya ta hana shi ɗaga ido.