Ƙanƙarar Umma da Tsibiran Kitse

Aikin digirina na biyu ya faɗo a watan azumi, tsakiyar bazara. Wannan ne abin da na fi tunawa, ko da yake wataƙila ba shi ne mafi muhimmanci ba.

Abin da nake nema ƙanƙane ne ƙwarai. Kowace ƙwayar jini tana da siririyar fata ta kitse, kuma a jikin fatar akwai wuraren da kitsen ya fi kauri, kamar tsibirai masu yawo. Wasu furotin suna taruwa a kansu. Aikina shi ne in ware tsibiran daga jinin shanun da nake karɓowa a mayanka, in duba waɗanne furotin ke zaune a can. Ana zuba wani irin sabulu, ya narkar da sauran fatar ya bar tsibiran. Amma sai cikin sanyi. Da zarar ɗumi ya taɓa su, su ma sun narke.

Ranar da zan kai kwalabena wurin injin da ke juya su da gudu har tsibiran su ware, wanda ke wani ɗakin gwaji nesa da namu na Yelwa, aka wayi gari ba wuta, firjinmu ya fara zufa. Na zagaya masu ƙanƙara har Gwallaga, kowa ya ce tasa an kama tun da safe, ta buɗa-baki ce. Na hau keke na nufi gida, Ƙofar Ran.

Umma tana da ƙullin ƙanƙara biyu da ta nannaɗe cikin buhu domin zoɓon yamma. Na tsaya ina kame-kame.

"Ke dai faɗi," in ji ta.

"Umma, ƙanƙarar nake so. Ba lallai aikin ya yi ba ma, amma in babu ita tabbas ba zai yi ba."

Yayata ta leƙo daga madafa. "Wato jinin saniya ya sha sanyi, mu masu azumi mu sha ruwan wanka?"

"Saniyar ma baƙuwarmu ce yau," Umma ta ce, ta tura mini buhun da ƙafa.

Na sa kwalaben da ƙanƙarar a kula, na rungume ta a keke, ina leƙawa a kai a kai, duk da na san buɗewar ce ke ɓata sanyin. Ranar mun sha zoɓo mai ɗumi, yayata tana harara ta ta saman kofi.

Washegari da hantsi na ciro kwalbar daga injin. A saman ruwan sukarin da na haɗa da jinin ga wani farin zare, siriri kamar yanar madara. Daga baya gwaji ya nuna furotin ɗin da aka san yana zama a tsibiran, tare da wasu da har yau nake taka-tsantsan wajen yi musu suna.

Da na gaya wa Umma, ta tambaya ko an samu abin.

"Da alama," na ce.

"A bakinki wannan ai e ce," in ji ta, ta ci gaba da tace zoɓonta.